Almakashi da Sawun Ɗan Rawa: Tarken Gajerun Finafinan Rawa Guda Biyu

1.0 Gabatarwa

A ƙarshen zangon karatun da ya gabata, wasu ɗalibai na wannan sashe namu suka kawo mini wani gajeren bidiyo da suka ɗauka ranar bikin makon al'adu, a filin da ke bayan ɗakunan karatu. Rawa ce ta samari, da makaɗan kalangu biyu da aka gayyato daga Sabo. Ina wurin a ranar, kuma ban manta da wani yaro siriri da ya shigo fili daga ƙarshe ba. Sai da makaɗa suka juya suka fuskance shi, domin ƙafarsa ta riga kiɗan sanin inda za a. Da na zauna kallon bidiyon, sai na ga fuskarsa, na ga hularsa, na ga hannun makaɗi, na ga 'yan mata suna tafi, na ga har sararin samaniya. Ƙafar nan da ta tsayar da taro kuwa, ko sau ɗaya ba ta fito ba. Na soma ƙirga wuraren da aka yanka hoton, na gaji na bari. Da na tambayi wanda ya tace bidiyon dalili, sai ya ce, "Malam, ai haka ake yayi yanzu."

Wannan amsa ce ta haifar da wannan 'yar maƙala. Manufarta ita ce a duba gajerun finafinan rawa guda biyu waɗanda aka ɗauka a waje, wato ba cikin ɗakin wasa ba, kuma shekara 75 ce tsakaninsu. Ɗaya ya dogara kacokan a kan yanka, ɗayan kuwa ya bar kyamara tana kallo kawai. Duk da haka kowannensu ya fita haƙƙin ɗan rawa. Idan an gano yadda aka yi haka ta kasance, to an sami ma'aunin da za a auna irin bidiyon da ɗalibanmu ke yi.

2.0 Ɗauka, Yanka da Tacewa

Kafin a yi nisa, ya kamata a daidaita ma'anar kalmomi uku. Ɗauka ita ce abin da kyamara ta kama daga lokacin da aka kunna ta zuwa lokacin da aka kashe. Yanka shi ne wurin da aka datse wata ɗauka aka liƙa mata wata. A zamanin fim na zare da almakashi ko reza ake yin sa, a haɗa da gam. Yau da ɗan yatsa ake yi a fuskar waya ko kwamfuta, amma aikin ɗaya ne. Tacewa kuwa ita ce dukan aikin zaɓe da yanka da jerawa har fim ya tashi.

Rawa ta bambanta da zance ta wata fuska mai muhimmanci. Idan mutum biyu suna hira a fim, ana iya nuna fuskar wannan, a yanka, a nuna ta wancan, ba a yi hasarar komai ba. Ita rawa jimla ce da jiki ke furtawa, tana da mafari da tsakiya da madira. Taku ɗaya ba ya da ma'ana sai an ga wanda ya gabace shi da wanda ya biyo shi. Saboda haka duk wanda ya sa almakashi a tsakiyar rawa ya sa shi ne a tsakiyar magana, kuma wajibi ne ya kasance yana da hujja. Wannan ne ya sa Fred Astaire, shahararren ɗan rawar finafinan Amurka, ya dage tun cikin shekarun 1930 a kan a riƙa nuna shi tun daga kai har ƙafa, a kuma rage yanka iyakar iyawa.

3.0 Fim na Farko: Rawar da Almakashi ya Tsara

A shekarar 1945 Maya Deren ta fitar da wani fim mai suna A Study in Choreography for Camera, wato nazarin tsara rawa domin kyamara. An haifi wannan baiwar Allah a birnin Kiev a 1917, ta tashi a Amurka, ta rasu a 1961. Ta taɓa yin aiki tare da ƙungiyar rawa ta Katherine Dunham, kuma Talley Beatty, baƙar fatar Amurka wanda shi kaɗai ne ɗan wasan fim ɗin, ya yi rawa a wannan ƙungiya. Fim ɗin bai wuce minti 4 ba. Baƙi da fari ne, an ɗauke shi da ƙaramar kyamara mai zare milimita 16, kuma babu sauti a cikinsa ko kaɗan, ba kiɗa ba magana.

An buɗe fim ɗin ne a cikin kurmi. Kyamara tana zagayawa a hankali tsakanin itatuwa, sai ga ɗan rawa can nesa. Ta wuce shi, sai ga shi kuma a gabanta, ya ƙara matsowa. Haka aka yi har sau huɗu, alhali mai kallo yana ganin kamar kyamarar ba ta tsaya ba. Daga nan sai Beatty ya ɗaga ƙafa ya miƙe ta, ya soma sauke ta a cikin kurmin. Kafin ta taɓa ƙasa aka yanka, sai tafin ƙafar ya sauka a daɓen wani ɗaki. Daga ɗakin rawar ta zarce zuwa wani makeken zaure na kayan tarihin Masar a gidan tarihi na Metropolitan da ke New York. Can gaba aka nuna kansa yana juyi kamar katantanwa kusa da wani mutum-mutumi mai fuskoki, juyin yana ƙara sauri. A ƙarshe ya daka tsalle, aka rarraba tsallen gida-gida aka jinkirta shi har ya zama kamar ba zai sauko ba, sannan ya dira a kan wani tsauni, sarari buɗe a gabansa.

Abin lura na farko shi ne inda Deren ke ajiye almakashinta. Ba ta yanka sai a tsakiyar motsi, kuma ɗaukar da ke biye tana karɓar motsin daidai inda ta farko ta sake shi, da irin saurinsa, ta kuma fuskar da ya nufa. Idon ɗan Adam yana bin abin da ke motsi ne, ba ya kula da abin da ke tsaye a baya. Don haka ido yana riƙe da ƙafar nan tun daga kurmi har ɗaki, sai bayan ta sauka hankali ke farga cewa duniya ta sauya. Manazarta waƙa sun san irin wannan a sabi-zarce, inda ɗango ke ƙarewa amma ma'ana ta tsallaka zuwa ɗango na gaba. A nan yanka shi ne ƙarshen ɗango, motsin jiki shi ne ma'anar da ta zarce.

Abin lura na biyu shi ne sarrafa lokaci. Fim jerin hotuna ne tsayayyu da ake gilmawa da sauri. Idan aka ɗauki hotuna masu yawa a cikin daƙiƙa ɗaya, aka nuna su da gudun da aka saba, sai motsi ya yi jinkiri. Idan aka ɗauki kaɗan sai ya yi sauri. Da wannan dabara Deren ta hanzarta juyin kai, ta kuma tsawaita tsallen. Wayoyin da ke aljihun ɗalibanmu suna iya wannan, domin da yawansu suna ɗaukar hoto 30 a daƙiƙa, su kuma haura zuwa 120 ko 240 idan ana son jinkiri. Bambancin shi ne ita ta tanadi dabarar domin wuraren da rawar ke bukatarta, musamman ƙololuwar fim ɗin, ba ta barbaɗa ta ko'ina kamar gishiri ba.

Jigon fim ɗin, a nawa ganin, shi ne 'yanci. Jiki ne guda wanda bango bai tare shi ba, nisa bai gajiyar da shi ba, nauyi bai ja shi ƙasa ba. Idan aka tuna cewa jikin baƙin mutum ne, a Amurkar 1945 inda a jihohi da dama doka ke faɗa wa baƙin mutum ƙofar da zai bi da kujerar da zai zauna, sai jigon ya ƙara nauyi, ko da mai fim ɗin ba ta furta haka ba.

Amma fa fim ɗin yana da nasa naƙasu. Rawar da ke cikinsa ba a taɓa yin ta a doron ƙasa ba, kuma ba za a iya ba, domin a teburin tacewa aka haife ta. Mai kallo ba zai iya shaida cewa Beatty gwani ne daga wannan fim kaɗai ba, tun da bai ga tsalle ɗaya cikakke daga tashi har dira ba. Ba a ga gumi ba, ba a ji haki ba. Kurmin ma bai zama wuri mai suna da mutane ba, ya zama hoto kawai. An sami 'yanci, an biya da shaida.

4.0 Fim na Biyu: Rawar da Kyamara ta Shaida

A watan Yuni na shekarar 2020 wani gajeren bidiyo ya fito daga unguwar Ajangbadi da ke yankin Ojo a Legas. Yaro ne ɗan shekara 11, Anthony Mmesoma Madu, yana rawar bale, wato rawar nan ta Turawa mai tsayuwa a kan yatsu da juyi da tsalle. Yana yin ta ne ba takalmi, a kan daɓen siminti, ruwan sama yana zuba. Ɗalibi ne a makarantar Leap of Dance Academy, wadda Daniel Ajala ya kafa a 2017 yana koyar da yaran unguwa kyauta, bayan shi kansa ya koyi rawar ta hanyar kallon bidiyo a intanet. Bidiyon bai kai minti ɗaya ba, da waya aka ɗauke shi, amma miliyoyin mutane suka kalla, har fitacciyar 'yar wasan Amurka Viola Davis ta yaɗa shi. Daga baya yaron ya sami tallafin karatu daga American Ballet Theatre, ya kuma shiga makarantar Elmhurst da ke Birmingham a Ingila. A 2024 aka fitar da dogon fim na tarihinsa mai suna Madu, wanda Matt Ogens da Joel Kachi Benson suka ba da umarni.

Ta fuskar fasaha wannan bidiyo bai kama ƙafar na Deren ba. Babu tsarin haske, babu wata dabarar lokaci, kyamara a hannu take. To mene ne ƙarfinsa? Ƙarfinsa shi ne an bar jikin yaron duka a fili, an bar ƙasar da yake takawa a fili, an kuma bar motsi ya kai ƙarshensa. Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Duk wanda ya taɓa taka jiƙaƙƙen siminti ya san abin da ke iya faruwa, don haka kowane juyi da yaron ya yi, zuciyar mai kallo tana tare da tafin ƙafarsa. Zai zame ko ba zai zame ba? Wannan fargaba ita ce ke riƙe da bidiyon, kamar yadda rikici ke riƙe da wasan kwaikwayo. Da an gutsuttsura shi, da an nuna fuska a daidai lokacin dira, da fargabar ta tafi, domin mai kallo zai ce wataƙila ya faɗi aka cire. Malaman rawa da suka gan shi daga nesa sun iya auna tsayuwarsa da daidaiton jikinsa ne saboda ba a ɓoye musu komai ba. Ashe ƙin yanka ma hukunci ne na tacewa.

Shi ma wannan yana da abin da za a ce a kansa, sai dai laifin ya fi karkata ga masu kallo. Yawancin waɗanda suka yi ta yabo, ruwan saman da simintin da rashin takalmin suka fi gani. Labarin ya zama na talaka mai baiwa, wanda duniya ta daɗe tana son ji game da Afirka, rawar kanta ta koma baya. Wannan shi ne haɗarin ɗaukar rawa a waje. A ɗakin wasa bango baƙi ne, ba ya cewa komai. A waje kuwa wuri yana da baki, kuma yakan yi magana har ya danne muryar ɗan rawa. A fim ɗin Deren ɗan rawa ya haɗiye wuri, a na Ajangbadi saura ƙiris wuri ya haɗiye ɗan rawa.

5.0 Waiwaye a kan Namu

Mai karatu zai iya cewa ai sauya wuri a tsakiyar rawa ba baƙon abu ba ne gare mu. Gaskiya ne. Tun bayan fitowar Turmin Danya a Kano a 1990, da bunƙasar finafinan Hausa a shekarun da suka biyo, waƙa da rawa suka zama ginshiƙi, kuma manazarta irin su Abdalla Uba Adamu da Brian Larkin sun yi bayanin alaƙar wannan da finafinan Indiya. A irin waɗannan waƙoƙi akan ga saurayi da budurwa a lambu, kafin ƙiftawar ido suna kan dutse, tufafi sun sauya, can kuma suna bakin ruwa. Sai dai a nan baitin waƙa ne ke jan almakashi. Amshi ya zagayo, a sauya wuri. Namiji ya karɓa, a sauya riga. Wannan tsari yana da hujjarsa, domin waƙa ce sarauniya a wurin, rawa 'yar rakiya ce, kuma fuska da leɓe ake son gani.

Matsala tana aukuwa ne idan aka ɗauki wannan salo, ko salon bidiyon mawaƙan zamani mai yanka a kowane bugu, aka ɗora wa rawar da ita ce kan gaba. Kayan aro ba ya rufe katara. Rawar dandali da ta Koroso da ire-irensu a ƙafa da ƙugu suke, shi ya sa ma ake ɗaura abin kaɗawa a ƙafa domin kunne ya ji abin da sawu ya faɗa. Bugu da ƙari, rawar tattaunawa ce tsakanin makaɗi da ɗan rawa. Kalangu ya yi kira, ƙafa ta amsa, wani lokaci ƙafa ta ƙalubalanci kalangu. Wanda ya nuna hannun makaɗi shi kaɗai, sannan ya nuna fuskar ɗan rawa ita kaɗai, ya raba tambaya da amsarta. Abin da ya sami bidiyon ɗalibanmu ke nan. Garin neman gira aka rasa ido.

Akwai kuma waɗansu kurakurai da ɗauka a waje ke jawowa, waɗanda duk sun bayyana a bidiyon. An tsayar da wayar a tsaye, hoton ya zama siriri, alhali filin rawarmu da'ira ne, don haka makaɗa da 'yan kallo suka faɗa waje. An fuskanci sararin sama mai haske, kyamara ta daidaita kanta da hasken sama da fararen riguna, fuskoki suka yi duhu. An haɗa abin da aka ɗauka da hantsi da wanda aka ɗauka da la'asar, sai inuwar mutum ta kwanta yamma a wannan ɗauka, ta koma gabas a ta gaba. An tsallaka daga wannan gefen fili zuwa wancan, sai wanda ke tafiya dama ya bayyana yana tafiya hagu. Mafi muni, da iska ta ɓata sauti, sai aka cire kiɗan kalangun aka ɗora wata waƙar zamani, ƙafafun da suka ɗan gilma suna taka wani kiɗa, kunne yana jin wani. An ce idan kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, to a nan kiɗa ya sauya an bar rawa a inda take.

Maganin waɗannan ba kuɗi ba ne. A kwantar da wayar, a ja da baya har kai da ƙafa da makaɗi su shiga, a sa rana a bayan mai ɗauka ko a gefensa, a zaɓi safiya ko yamma lokacin da haske ya yi laushi, a tsaya a gefe ɗaya na fili. A ajiye wata wayar kusa da makaɗa, a kāre ta daga iska, domin sauti. Sannan a fara da ɗauka ɗaya cikakkiya daga farkon rawa har ƙarshe. Ita ce uwa, sauran ɗauke-ɗauke na kusa 'ya'ya ne, kuma ba a shigo da su sai inda ba za su katse taku ba.

6.0 Kammalawa

An ga finafinai biyu da suka bi hanyoyi mabambanta. Deren ta yanka domin motsi ya ci gaba, mai ɗaukar bidiyon Ajangbadi ya bar motsi ya cika domin a shaida shi. Abin da ya haɗa su shi ne a duka biyun jikin ɗan rawa ne ke ba da umarni, almakashi yana biye. Tambayar da mai tacewa zai yi wa kansa a kowane yanka ita ce, shin motsin ne ya nemi a yanka a nan, ko kuwa tsoro nake kada mai kallo ya gaji? Idan tsoro ne, to ya janye hannunsa.

Batun ya wuce na ado. Mu da ke zaune nesa da gida, da yawa daga cikin ɗalibanmu a nan Kudu aka haife su, kuma waɗansu ba su taɓa tsayawa a dandali da farin wata ba. Abin da za su sani game da rawar iyayensu, da abin da 'ya'yansu za su sani, mafi yawansa daga irin waɗannan bidiyoyi zai fito. Waƙa tana da takarda, tatsuniya ma an rubuta ta. Taku kuwa ba ya da inda zai zauna sai a jikin mai yin sa da kuma a hoto mai motsi. Wanda zai so koyon takun yaron nan siriri nan da shekara 30, idan ya buɗe bidiyon da aka kawo mini, hula zai gani da murmushi.

Na tambayi ɗaliban ko ainihin abin da suka ɗauka yana nan kafin tacewa. Suka duba, sai ga wata ɗauka mai tsawo da ɗaya daga cikinsu ya yi daga nesa, wadda suka jefar saboda a ganinsu ba ta da armashi. A cikinta ga yaron daga kai har ƙafa, ga ƙura tana tashi, ga makaɗan nan biyu suna juyowa. Na roƙe su su koma su fara daga nan, kuma ina fata a bikin baɗi za mu ga abin da suka yi da ita.